Shayin Ganyen Gora: Abin da Ke Cikinsa da Iyakar Amfaninsa

Tambaya: Na ga ana tallar shayin ganyen gora a intanet, ana cewa yana ƙara tsawon gashi, yana ƙarfafa farce da ƙashi, yana kuma rage sukari a jini. Waɗanne sinadarai ne a cikinsa, kuma da gaske yana yin waɗannan abubuwa? Akwai wanda bai kamata ya sha shi ba?

Amsa: Malama, tambayarki ta haɗa abubuwa uku, kuma da yake aikina nazarin sinadaran tsirrai ne, zan fi daɗewa a kan na farko, domin idan aka gane abin da ke cikin ganyen da kuma yawan abin da ke fitowa cikin ruwan zafi, sauran amsoshin suna zuwa da kansu. A taƙaice, shayin ganyen gora abin sha ne mai kyau ga mafi yawan manya masu lafiya, yana ɗauke da sinadarai na gaske waɗanda aka yi nazarinsu sosai, amma alkawuran da ake rubutawa a jikin kwalinsa sun yi wa hujjar da ake da ita nisa ƙwarai. Mai juna biyu kuwa ina ba ta shawara ta bar shi, kuma zan kawo dalili.

Gora ciyawa ce, duk da tsawonta da taurin sandarta. Danginta ɗaya da shinkafa da alkama da rake, kuma akwai nau'inta fiye da 1,400 a duniya. Wannan adadi yana da muhimmanci ga tambayarki, saboda idan aka ce ganyen gora ba a faɗi wane ganye ba tukuna. A ƙasar Sin an fi yin bincike a kan nau'o'in Phyllostachys, musamman Phyllostachys nigra da Phyllostachys edulis. A Japan gajeriyar gora mai faɗin ganye da suke kira kumazasa, ta jinsin Sasa, ita ake dafawa a sha. A Koriya ta Kudu an san yankin Damyang da dazuzzukan gora da shayin ganyenta, sannan a tsibirin Jeju akwai Sasa quelpaertensis wadda ta lulluɓe gangaren dutsen Halla. A ƙasashe masu zafi kuwa Bambusa vulgaris ce ta fi yaɗuwa. Dukansu suna da sinadarai iri ɗaya a jimlace, sai dai yawan kowane sinadari yana bambanta daga nau'i zuwa nau'i, daga damina zuwa rani, har ma daga sabon ganye zuwa tsoho a jikin sanda guda.

Akwai kuma ruɗani na suna wanda ya kamata ki sani kafin ki saya. Shahararren koren shayin nan na dutsen Emei a lardin Sichuan da ake kira Zhuyeqing, wato kore kamar ganyen gora, babu gora a cikinsa ko kaɗan. Ganyen shayi ne na asali, an ba shi sunan ne saboda siffarsa, kuma yana da kafeyin kamar kowane koren shayi. Haka nan ganyen da masu maganin gargajiyar Sin suke kira dan zhu ye yawanci na wata ciyawa ce mai suna Lophatherum gracile, wadda ta yi kama da gora amma ba ita ba ce. Waɗannan biyu ba su da haɗari, kuskuren saye ne kawai. Masu haɗarin su ne tsirran ado guda biyu da ake laƙaba wa sunan gora: Dracaena sanderiana, wadda ake sakawa cikin kwalbar ruwa a kan tebur, da Nandina domestica mai jajayen 'ya'ya. Ta farkon tana cutar da kyanwa da kare idan suka ci, ta biyun kuma tana ɗauke da sinadaran da ke sakin gubar sayanaid. Babu ɗaya daga cikinsu da ya halatta a jiƙa a sha.

Sinadaran da suka fi jan hankalin masu bincike a ganyen gora su ne filabonoyid, wato rukunin sinadaran da tsirrai suke haɗawa domin kare kansu daga zafin hasken rana da ƙwari da cututtuka. Guda huɗu ne ake ɗauka a matsayin alamar ganyen gora: oriyantin, aiso-oriyantin, biteksin da aiso-biteksin. Biyun farko an gina su ne a kan wani filabonoyid mai suna lutiyolin, biyun ƙarshe a kan wani mai suna afijenin, kuma kowannensu yana ɗauke da ƙwayar sukarin gulukos guda ɗaya a manne a jikinsa. Bambancin da ke tsakanin oriyantin da biteksin ƙwayar oksijin ɗaya ce tak, amma wannan ƙwaya ɗaya ita ta sa oriyantin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a gwaje-gwajen hana lalacewa da ake yi a cikin kwalba.

Abin da ya keɓanta waɗannan huɗu, kuma shi ne mabuɗin fahimtar shayin gaba ɗaya, shi ne yadda sukarin yake manne. A mafi yawan filabonoyid na kayan lambu da 'ya'yan itace, ƙwayar oksijin ce take zama gada tsakanin sukarin da gangar sinadarin, kuma wannan gada tana karyewa cikin sauƙi idan ta haɗu da asid ko da inzayim na hanji, wato sinadaran da jiki yake farfasa abinci da su. A ganyen gora babu gadar. Kabon ne yake riƙe da kabon kai tsaye, riƙon da tafasa ba ta kwance shi, asid ɗin ciki ma ba ya kwance shi. Wannan yana da fuska biyu. Ta fuskar mai sarrafa abinci babbar falala ce, domin sinadarin yana jure zafin girki da ajiya, kuma sukarin da ke jikinsa yana taimaka masa narkewa a ruwa. Ta fuskar mai sha kuwa, ma'anarsa ita ce ƙaramin hanji ba ya iya tsotsar mafi yawansa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna cewa kaso kaɗan ne yake shiga jini, sauran yana wucewa zuwa babban hanji, inda wasu ƙwayoyin bakteriya suke da ikon karya riƙon, su mayar da shi ƙananan sinadarai. Saboda haka abin da ya isa jinin mutum ba lallai ya zama abin da aka gwada a kwalba ba, kuma yana iya bambanta tsakanin mutum da mutum gwargwadon irin bakteriyar da kowa yake ɗauke da ita.

Bayan waɗannan akwai wani filabonoyid mai suna tirisin, wanda ya zama ruwan dare a dangin ciyawa, da kuma asid-asid na finol irin su kulorojenik, kafeyik, kumarik da ferulik. Asid ɗin kulorojenik shi ne wanda ya yi yawa a gahawa, sai dai kada kamannin suna ya ruɗe ki, domin asid ɗin kafeyik daban yake da kafeyin. Ganyen gora na gaskiya ba shi da kafeyin, kuma a ganina wannan ita ce fa'idarsa mafi tabbas ga mai neman abin sha mai ɗumi da dare ko wanda kafeyin yake sa wa bugun zuciya. Akwai kuma dogayen sarƙoƙin sukari na bangon ƙwayoyin ganye, da fotasiyam da wasu ma'adanai, da ɗan amino asid. Ƙanshin ɗanyar ciyawa da ake ji idan aka murje ganyen yana fitowa ne daga ƙananan sinadarai masu kabon shida da ganye yake saki da zarar ya ji rauni. Koren launin ganyen kuwa ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa shayin yake fitowa fari-fari mai ratsin rawaya. Idan kika ga ruwan ya yi kore shar, to ko dai an niƙa ganyen ya zama gari, ko kuma an ƙara masa launi.

Yanzu sai silika, wato sinadarin da yashi ya ƙunsa, wadda a kanta aka gina dukan tallar gashi da farce. Gaskiya ne gora tana cikin tsirran da suka fi tara silika a duniya. Saiwarta tana tsotso ta daga ƙasa a narke, ruwa ya kai ta ganye, ruwan ya fita ta ƙofofin ganyen ya bar ta a baya, ita kuma ta daskare a cikin ƙwayoyin fatar ganyen ta zama ƙananan duwatsu waɗanda ido ba ya gani. Ganye yana ci gaba da tara ta muddin yana raye, don haka tsohon ganye ya fi sabo silika sosai. Kina iya tabbatar da wannan da hannunki. Ki ja yatsa a gefen ganyen daga tsini zuwa tushe, za ki ji kaushi kamar na zarto. Idan kika ƙona busasshen ganye a kan faranti ba tare da kin motsa shi ba, tokar ba ta rushewa kamar ta takarda, tana tsayawa da siffar ganyen har da jijiyoyinsa, kuma idan kika murza ta tsakanin yatsu za ki ji ƙurji-ƙurji kamar lallausan yashi. Na sha nuna wa ɗalibai wannan, kuma kullum abin da nake so su lura da shi shi ne cewa abin da wuta ta kasa cinyewa ba zai narke cikin kofin ruwan zafi a minti biyar ba.

Waɗannan ƙananan duwatsu suna da juriyar da ta sa masu binciken tarihi suke tono su daga ƙasa bayan dubban shekaru domin gano irin tsirran da mutanen wancan zamani suka shuka. Jikin ɗan Adam kuwa ba ya tsotsar silika sai tana narke, a siffar da ake kira asid ɗin otosilisik. Iyakar abin da ruwa yake iya narkarwa na irin wannan silika a yanayin ɗaki bai wuce kimanin miligiram 120 a lita ɗaya ba, kuma isa wannan iyaka yana ɗaukar lokaci mai tsawo. Shayin zai ba ki ɗan abin da yake narke a ruwan ganyen tun asali, da ɗan abin da zafi ya saki, amma mafi yawan silikar tana tafiya ne da ganyen da kika tace kika zubar. Adadin silika na kashi 70 cikin 100 da ake yawan rubutawa a talla na tataccen garin da ake zubawa a ƙwayoyin magani ne. Ɗora wannan adadi a kan kwalin shayi yaudara ce, kuma tana ba ni haushi, domin mai saye ba shi da hanyar gane bambancin.

Ko da silikar ta shiga jiki, me aka tabbatar tana yi? A 1972 Edith Carlisle ta nuna cewa 'yan tsakin da aka hana wa silikon, wato sinadarin da ke cikin silika, ƙashinsu da guringuntsinsu ba sa ginuwa daidai, kuma a shekarar ne Klaus Schwarz da abokin aikinsa suka ga makamancin haka a ɓeraye. A 2004 wani nazari a kan mutanen garin Framingham na Amurka ya gano cewa maza da matan da ba su daina al'ada ba, waɗanda suke samun silikon da yawa a abinci, sun fi ƙarfin ƙashin ƙugu. Wannan alaƙa ce aka gani, ba a nuna cewa silikon ɗin ne sanadi ba. Ƙananan gwaje-gwajen da suka nuna ɗan ci gaba a gashi da farce an yi su ne da wani narkakken silikon na musamman da aka haɗa da wani sinadari mai suna kolin, ana ba mata miligiram 10 a kullum tsawon watanni, ba da shayin gora ba. Har yanzu hukumomin abinci na Amurka da Turai ba su ƙayyade adadin silikon da mutum yake buƙata a rana ba, kuma an ƙiyasta cewa abincin yau da kullum a ƙasashen Yamma yana samar da miligiram 20 zuwa 50, galibi daga hatsin da ba a cire wa dusa ba da kayan lambu da ruwan sha. Idan gashinki yana zubewa ko farcenki yana karyewa, abin da ya fi dacewa shi ne a duba jininki a ga ko akwai ƙarancin sinadarin ƙarfe ko matsalar tayirod, wato ƙullutun da ke gaban wuya, domin waɗannan su ne sanannun dalilai kuma suna da magani.

Batun hana lalacewar ƙwayoyin jiki ma yana buƙatar a fayyace shi. Gwajin da aka fi yi a ɗakin gwaje-gwaje mai sauƙi ne: akwai wani ruwa mai launin shuɗi-ja mai duhu, idan aka ɗiga masa ruwan ganyen gora sai launin ya dushe a gaban idonki ya koma rawaya, kuma gwargwadon dushewar gwargwadon ƙarfin sinadarin. Abin sha'awa ne a kalla, kuma ganyen gora yana cin wannan gwaji da kyau. Sai dai kusan kowane ganye yana cinsa. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta taɓa wallafa jerin abinci da makin kowanne a irin wannan awo, amma a 2012 ta janye jerin, bisa dalilin cewa makin ba ya nuna abin da ke faruwa a jikin mutum, kuma 'yan kasuwa suna amfani da shi wajen ruɗar jama'a. Idan kika tuna cewa sinadaran gora ba sa shiga jini da yawa, za ki ga dalilin da ya sa nake taka-tsantsan da duk maganar da aka gina a kan wannan gwaji.

Inda wannan ƙarfi yake aiki ba tare da shakka ba shi ne a cikin abinci da kansa, domin a nan babu hanjin da zai tare hanya. Masu bincike a Jami'ar Zhejiang sun tace wani gari mai launin ƙasa-ƙasa daga ganyen Phyllostachys nigra, kuma a 2004 Ma'aikatar Lafiya ta Sin ta amince a riƙa zuba shi a abinci domin hana mai da nama da kifi da abin sha saurin lalacewa. Yana cikin ƙa'idar ƙasar ta sinadaran da ake ƙarawa a abinci, GB 2760, inda aka sa masa iyakar rabin giram a kowane kilo. Daga baya masu binciken suka gwada shi a kan akirilamaid, wani sinadari da masana a Suwidin suka sanar a 2002 cewa yana samuwa a abinci mai sitaci idan aka soya ko aka gasa shi a zafin da ya haura digiri 120 a ma'aunin Celsius, wanda kuma ake zargin yana iya haddasa ciwon daji. A rahoton da suka fitar a 2007, jiƙa yankakken dankalin Turawa a ruwan wannan gari kafin a soya ya rage akirilamaid da kimanin kashi uku cikin huɗu. A wurina wannan ne amfanin ganyen gora da ya fi kowane tsayawa da ƙafafunsa, kuma ya yi daidai da abin da mutanen gabashin Asiya suka daɗe suna yi na naɗe shinkafa da nama ko kifi a cikin ganyen, kamar zongzi a Sin da sasazushi a Japan.

Shan ruwan ganyen a matsayin magani ma tsohon abu ne. Littafin Shanghan Lun na likita Zhang Zhongjing, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 3, ya kawo wani haɗi na ganyen gora da farin dutsen jifsam da ake ba wanda ya tashi daga zazzaɓi amma bai daina jin zafin jiki da ƙishirwa da kasala ba. A tsarin likitancinsu ana ɗaukar ganyen a matsayin mai sanyaya jiki da sa fitsari. Ina girmama wannan tarihi, amma ya kamata a karanta shi yadda yake. Haɗin yana da kaya bakwai, har da saiwar magani mai suna ginseng da shinkafa, ana dafa shi ne ga mara lafiya na 'yan kwanaki, kuma babu inda aka ambaci gashi ko rage ƙiba.

Game da sukari, ga abin da ake da shi. A cikin kwalba, biteksin da aiso-biteksin da 'yan'uwansu suna rage aikin wani inzayim na hanji da yake farfasa sitaci ya mayar da shi gulukos, wato hanyar da maganin ciwon sukari mai suna akabos yake bi. Wannan yana da ma'ana, tun da aiki ne da ake yi a cikin hanji, ba ya buƙatar sinadarin ya shiga jini. A ɓeraye kuma, tataccen ganyen wasu nau'o'in Sasa ya rage sukari da kitsen jini a gwaje-gwaje da dama, yawancinsu daga Koriya. A kan mutane kuwa gwaje-gwajen kaɗan ne, mahalartansu ba su da yawa, kuma galibi da tataccen gari aka yi su. Babu wata babbar hukumar lafiya da ta amince da shayin gora a matsayin maganin ciwon sukari ko hawan jini.

Bari in nuna miki tazarar da lissafi, domin a nan ne tallar take ɓoye gaskiya. Mu ƙaddara an ba ɓera miligiram 200 na tataccen gari a kan kowane kilo na nauyinsa, wanda adadi ne da ba baƙo ba a irin waɗannan gwaje-gwaje. Ƙa'idar da ake bi wajen mayar da awon ƙaramin ɓera zuwa na mutum ita ce a raba da 12.3, sai a sami kimanin miligiram 16 a kilo. Ga mai nauyin kilo 70, wannan ya haura giram ɗaya na tataccen gari a kullum. Ke kuma abin da kike jiƙawa a kofi giram biyu ne na ganye gaba ɗayansa, wanda mafi yawansa zare ne da silika. Ko da mun yi masa karamci mun ce kashi 2 cikin 100 na ganyen filabonoyid ne, miligiram 40 ke nan a kofi, kuma ba duka ne zai fito cikin ruwa ba. Saboda haka mai ciwon sukari zai iya shansa ba tare da ya zuba sukari ba a madadin lemon kwalba, kuma wannan sauyi kaɗai zai amfane shi, amma kada ya rage ko ƙwaya ɗaya ta maganinsa saboda shi. Idan zai riƙa sha kullum, ya gaya wa likitansa, ya kuma ci gaba da auna jininsa.

Sashen ƙarshe na tambayarki shi ne wanda na fi so ki riƙe. A 2009 masu bincike a Jami'ar Ilorin sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan zomaye masu ciki, inda suka ba su tataccen ruwan ganyen Bambusa vulgaris. A awon miligiram 250 a kilo, kashi 60 cikin 100 sun yi ɓari, a awon 500 kuwa dukansu. Awon ya fi abin da ke cikin kofin shayi nesa, kuma zomo ba mutum ba ne, amma ki lura da ruwa aka tace ganyen, wato hanya ɗaya da ta dafa shayi. Tun da babu wata fa'ida tabbatacciya da mai ciki za ta rasa idan ta bar shi, babu dalilin da zai sa ta gwada sa'arta. Mai neman haihuwa da mai shayarwa da ƙananan yara ma ina sa su a wannan layi.

Mutane da yawa suna tambaya a kan sayanaid, kuma tambayar tana da tushe. Tohon gora, wato sabon tsiron da yake fasowa daga ƙasa wanda ake ci a Asiya, yana ɗauke da taksifilin, sinadarin da yake sakin gubar idan aka yanka ko aka tauna shi ɗanye. Sa'ar da aka yi ita ce taksifilin ba ya jure tafasa, kuma gubar da kanta tana zama tururi a kimanin digiri 26, shi ya sa ake dafa tohon a buɗaɗɗiyar tukunya a zubar da ruwan. A tohon ne matsalar ta fi taruwa, kuma ganyen da aka turara aka busar sannan aka jiƙa a tafasasshen ruwa ya bi matakan da suke kawar da ita. Abin da na fi damuwa da shi a aikace shi ne wurin da aka tsinko ganyen. Gora tana tsotsar darma da kadmiyam daga gurɓatacciyar ƙasa, har ana nazarin shuka ta domin tsabtace irin waɗannan wurare, don haka ganyen bakin babbar hanya ko kusa da masana'anta ko juji bai dace da sha ba, haka ma wanda aka yi wa feshin maganin ƙwari a lambun ado. Masu matsalar tayirod su yi hattara da yawan sha, domin an nuna a ɗakin gwaje-gwaje cewa biteksin yana rage aikin inzayim ɗin da tayirod take amfani da shi wajen sarrafa aidin. Mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likita tukuna, tun da ta ƙoda silikon da fotasiyam suke fita daga jiki. Wanda ciyawa take tayar wa da ƙaiƙayi ko atishawa kuwa ya fara da kurɓi kaɗan.

Idan ba kya cikin waɗannan rukunoni kuma kina son ki gwada, ki nemi kwalin da aka rubuta sunan nau'in gorar na kimiyya da ƙasar da aka noma ta, kuma ki duba ko an cakuɗa shi da koren shayi, domin ana yawan yin haka kuma yana dawo da kafeyin. Masu sarrafa shi da kyau suna wanke ganyen, su turara shi na ɗan lokaci domin kashe inzayim ɗin da suke mayar da shi baƙi-baƙi, su yayyanka, su busar, wasu kuma su ɗan gasa shi a kasko, wanda yake rage warin ciyawa ya kawo ƙanshi irin na gasasshen hatsi. Ganyen yana da tauri da santsin kakin zuma a bayansa, ruwa ba ya ratsa shi da sauri kamar ganyen shayi, saboda haka ruwan ya kasance tafasasshe sosai, giram biyu zuwa uku a kofi, a rufe a bar shi minti bakwai zuwa goma. Ba ya yin bauri ko da ya daɗe a ruwa, kuma ana iya sake jiƙa ganyen karo na biyu. Kofi ɗaya ko biyu a rana ya isa. Ragowar busasshen ganyen ki ajiye shi a mazubi mai murfi inda babu laima da hasken rana, kuma idan kika buɗe kika ji warin rima ko kika ga ɗigo-ɗigon baƙi ko fari a jikinsa, ki zubar da shi duka.